Kalmomi 27 na Inna: yadda rabon azuzuwan kalmomi ya tsayar da wani ajin Hausa a Makka

Inna yayar mahaifiyata ce. Tana amarya ta bar Kano tare da mijinta, a shekarun da ake shirin ba Nijeriya mulkin kai. Suka bi hanyar ƙasa ta Maiduguri da Chadi, suka yi 'yan shekaru suna tsinkar auduga a gonakin Jazira na Sudan har kuɗin jirgi ya taru, sannan suka tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin. Ba su koma gida ba. A Makka ta yi yawancin haihuwarta, a nan aka binne mijinta, yau kuma tana zaune a gidan 'yarta a wajajen Shara Mansur, inda in ka ratsa da yamma za ka ji Hausa daga bakin masu shaguna da masu sayar da abinci. Jikokinta biyar na gidan suna jin Hausa, suna yin ta gauraye da Larabcin Hijaz, amma babu mai iya karanta ta. Da na zo karatu Jami'ar Ummul Ƙura sai ta ɗora mini aiki: kowane daren Juma'a bayan Isha'i in zo in koya musu karatun Hausa na boko, don su riƙa karanta saƙon dangi da kansu.

Abin da zan ba da labarinsa ya faru ne a wata na huɗu da fara ajin, ya kuma ci mana mako shida. Na ga ya kamata a ajiye shi a rubuce, domin duk mai koyar da nahawun Hausa ga yaran da suka tashi da nahawun Larabci zai ci karo da irinsa, a nan ne ko a Jidda, ko a Gadarif da Mai Wurno na Sudan.

Mutum biyu ne suka ja lamarin. Babban jikan saurayi ne mai karatun kwamfuta a jami'a. Burinsa ya haɗa manhajar da za ta taimaki ma'aikatan masauki da na asibiti su fahimci alhazan da ba sa jin komai sai Hausa, kuma bukatar ba ƙarama ba ce in aka tuna cewa a 2023 kujera 95,000 aka ware wa Nijeriya kaɗai. Ƙanwarsa tana sakandare, ta haddace Ajurumiyya tun tana ƙarama, ta shiga Alfiyya, duka biyun littattafan nahawun Larabci ne. Sauran ukun 'yan firamare ne.

Daren farko

Da na ga karatu ya fara zama, na ce bari mu taɓa nahawu. Ban ɗauko jimla daga littafi ba. Na naɗi muryar Inna a waya tana ba da labarin isowarsu, na tsinci wani guntu na rubuta a allo:

Da muka sauka a Jidda, zafi ya yi yawa, yara suna kuka, ga maza cikin harami fari fat. Wata mata ta ce mini, ungo ruwa, akwai sanyi.

Kalma 27 ce. A gefe na jera azuzuwan kalmomi yadda na koye su a makaranta a Kano: suna, wakilin suna, sifa, aikatau, bayanau, harafi, mahaɗi, zagi, dirka, nunau, ma'auni, amsa-kama da motsin rai, guda 13. Na bi su da ma'anonin da ɗalibai ke haddacewa a gida, cewa suna shi ne sunan mutum ko dabba ko wuri ko abu, aikatau kalma ce mai nuna aiki, sifa kuma mai bayanin suna. Na ce kowa ya kai kowace kalma gidanta.

Yarinyar ko biro ba ta ɗauka ba. Ta ce, "Kawu, ai magana kashi uku ce, ismi da fi'ili da harafi. Ina aka samo 13?" Yayanta ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa, ya ce shi kuma 17 ya sani.

Kowannensu da madogararsa. Rabon ukun, wato suna da aikatau da ƙananan kalmomin da ke ɗaure jimla, shi ne abin da Sibawaihi, malamin Basra da ya rasu wajen shekara ta 180 bayan Hijira, ya buɗe littafinsa da shi, kuma a kansa Ibn Malik, mai Alfiyya, da Ibn Ajurum na Fas, wanda ya rasu a 723, suka ɗora nasu. Fiye da shekara dubu ke nan ana karantar da Larabci a kan wannan rabo, har a zaurukan Kano da Sakkwato.

Nawa 13 kuwa, in an bi salsala, wani sashensu daga Girka ya taso. Littafin nahawun da ake jingina wa Diyonisiyus Tiraks, wanda ya rayu kimanin shekara 100 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kasa kalmomin Girkanci gida 8. Da Rumawa suka ari tsarin, harshensu ba shi da kalma irin "al" ta Larabci, sai suka cire wannan gida suka cike gurbin da motsin rai, adadin ya zauna a 8. Daga Latin ya shiga nahawun harsunan Turai, daga can ya biyo 'yan mishan zuwa ƙasarmu, irin su Bajamushen nan Schön da ya buga nahawun Hausa a Landan a 1862. Sauran sashen malamanmu na jami'o'i ne suka raɗa masa sunaye, da suka ga akwai kalmomin da ba su da mazauni a gidan Bature, kuma an tattara irin waɗannan sunaye a littafin keɓaɓɓun kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990. Ina ƙaunar waɗannan sunaye. Zagi shi ne mai tafiya gaban dokin sarki, haka "muka" ke tafiya gaban "sauka". Dirka ita ce itacen da ake tokare gini da shi, haka "ne" da "ce" ke tokare jimlar da ba ta da aikatau. Wanda ya raɗa su ya san Hausa, ya kuma san gari.

Su 17 na saurayin daga wani aikin haɗin gwiwa na masana harshe da kwamfuta suke, mai suna Universal Dependencies, inda aka yarda da tambura 17 da za a riƙa liƙa wa kalmomin kowane harshe don na'ura ta iya koyo a kuma iya kwatantawa. An yi amfani da su a harsuna sama da 100, kuma a 2023 ƙungiyar Masakhane ta fitar da rubuce-rubucen harsunan Afirka 20 da aka liƙa wa waɗannan tambura, har da Hausa. Shi dai abin da ya dame shi kada aikinsa ya kasa haɗuwa da na sauran mutane.

A wannan dare ba mu raba ko kalma ɗaya ba.

Inda ma'ana ta gaza

Mako na biyu na ce a bi nawa tukuna. Nan da nan ɗaya daga cikin ƙananan ya kai "zafi" gidan sifa, ya ce ai bayanin rana yake yi, ya kai "kuka" gidan aikatau, ya ce ai kuka aiki ne. Manhajar saurayin ma sifa ta ce da "zafi", domin daga ƙamusun Hausa da Ingilishi ya kwaso jerin kalmominta, kuma a can takwararta sifa ce. Ni na san duka biyun sunaye ne, amma da na waiwayi ma'anonin da na rubuta da hannuna, sai na ga yaron bai saɓa musu ba. Ba ni da hujjar da zan ba shi.

Yarinyar ce ta buɗe ƙofa. Ta ce, "Kawu, a nahawu da alama ake gane kalma. Ismi yana karɓar tanwini da alif da lam da harafin jarra. Fi'ili yana karɓar ƙad da sin da saufa. Wanda bai karɓi ko ɗaya ba harafi ne. To ina alamomin Hausa?"

A ganina wannan tambaya ita ce ta juya aikin gaba ɗaya. Ni da na yi shekaru ina karatun nahawun Larabci da na Hausa, kowanne a aljihu daban na ajiye shi. Ƙarfin Ajurumiyya yana cikin hanyarta: tana ba yaro abin gwaji da zai ɗora a kan kalma ya gani da idonsa. Tanwini da ƙad na Larabci ne, ba za su yi mana aiki ba, amma hanyar tana yi wa kowane harshe.

Muka yi dare biyu muna neman alamomin, Inna ce alƙali. Mu faɗi jimla, ita ta ce "ana faɗa" ko ta ce "wannan ba Hausa ba ce". Ba ta taɓa shiga aji ba, kuma ko sau ɗaya ba ta yi jinkirin yanke hukunci ba.

Alama ta farko ta aikatau ce: shi ne abin da ke bin "ya" ko "ta" ko "suka" kai tsaye. Ya sauka, ta ce, suka yi. Da saurayin ya ce "ya zafi" sai Inna ta girgiza kai. Da ya ce "suka kuka" ta yi dariya ta ce, "Maigidana, Hausarka ta tsufa kafin kai. Suka yi kuka, ko suka koka." Nan muka ga aikatau ɗin "koka" ne, na zafi kuma "zafafa". Alama ta biyu ta suna ce: yana karɓar -n ko -r, yana kuma zama gaban "ne" ko "ce". Zafin rana, kukan yara, zafi ne, kuka ne. Wannan gwaji ya bayyana mana har da Hausar gidan. Yaran suna cewa "na yi hajzi", "mun yi ittisal", wato kalmar Larabci tana shigowa a matsayin suna sai "yi" ya ɗauke ta, alhali tsofaffin aro irin "fassara" da "haramta" sun daɗe da zama aikatau, ana cewa "ya fassara" ba tare da "yi" ba.

To me ya kai "kuka", wadda suna ce, bayan "suna" a "yara suna kuka"? A nan muka daɗe. Na sa su kwatanta "sun ci tuwo" da "suna cin tuwo", "ya sha ruwa" da "yana shan ruwa". Wannan -n ta "cin" da "shan" ita ce dai ta "gidan Audu". Yarinyar ta tafa hannu ta ce masdari ne, wato sunan aiki, da idafa, wato jingina suna ga wani suna, kamar "shurbul ma'i", kuma masdari a Larabci ismi ne. Ta yi daidai, sai dai dokar ba ta game ko'ina ba. Ana cewa "suna karanta wasiƙa" babu -n, sai in an cire wasiƙar a ce "suna karantawa". Bambancin yana bin rukunin da aikatau ya fito, cikin rukunan nan 7 da Baturen masanin Hausa Parsons ya tsara a 1960. Na gaya musu wannan a taƙaice, ban shiga da su ciki ba.

"Fari" ta fi ba ni daɗi. Ta ci duk gwajin suna: farin harami, fari ne, ba ni farin. Tana da mace da jam'i, fara da farare. In haka ne yarinyar ta yi gaskiya, domin a Larabci sifa ismi ce, kuma Girkawa da Rumawa ma a ƙarƙashin suna suka ajiye ta, daga baya aka ware mata gida. Amma Inna ta yarda da "farin harami" da "harami fari" a ma'ana ɗaya, ta ƙi "Audu gida" a madadin "gidan Audu". Sai muka faɗa kan wasu tagwaye: "farar riga" da "farin riga". A na farko kalmar ta bi jinsin riga, tana siffanta ta. A na biyu ta tsaya da ƙafarta, ana maganar hasken rigar ne, kamar a ce farin rigar nan ya yi yawa. Haruffan rubutu biyu kacal suka raba sifa da suna. Irin waɗannan sifofi na asali ba su da yawa a Hausa, su fari, baƙi, ja, babba, ƙarami, dogo, gajere, sabo, tsoho. Sauran aikin "mai" da "maras" ke yin sa tare da suna: mai zafi, mai nauyi, maras kyau.

"Cikin" ba ta ba mu wahala ba. Ciki ne da -n, kamar yadda "kan" da "bayan" da "gaban" da "bakin" suka fito daga sassan jiki. Ana cewa "cikinsa" da "bayanta" kamar "gidansa", amma "daga shi" da "da ita". Larabci ma haka ya raba "fi" da "min", waɗanda haruffa ne, da "fauƙa" da "tahta", waɗanda sunaye ne masu aikin zarafi, wato nuna wuri ko lokaci.

Daren Esferanto

Duk wannan bai rage wa saurayin wahala ba. Manhajarsa tana ganin "suna" ta ce sunan mutum ne, tana ganin "kuka" ta rasa ko na hawaye ne, ko bishiyar miya, ko na "kuka zo". A baki ba a rikita su, domin tsawon wasali da karin sauti sun bambanta, amma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya. Haka "mata", haka "da", haka "ta". Dole na'ura ta dubi maƙwabtan kalma kafin ta san ajinta, kuma hakan yana bukatar jimloli masu yawa da mutum ya riga ya raba da hannu.

A mako na huɗu ya zo da abin da ya samo a intanet. Ya ce, "Kawu, dubi yadda ya kamata harshe ya kasance." Esferanto ne, ƙagaggen harshen da wani likitan ido mai suna Zamenhof ya buga littafinsa na farko a birnin Warso a 1887, da fatan mutanen duniya su sami harshe guda na tsakani. A cikinsa kalma tana ɗauke da tambarin ajinta a wutsiya. Suna yana ƙarewa da -o, sifa da -a, bayanau da -e, aikatau maras lokaci da -i, sai -as da -is da -os na yanzu da wanda ya wuce da mai zuwa. Saiwar "varm" ta zafi ce: varmo zafi, varma mai zafi, varme da zafi. Abin da ya cinye mana dare biyu, a can duban harafin ƙarshe ne kawai. A gabanmu ya rubuta 'yar manhajar rabon kalmominsa cikin layi kaɗan.

Na ce mu gwada ta a kan rubutu na gaske. Ta raba manyan kalmomin daidai, abin sha'awa. Sai ta ce "mi" da "ni" da "li", wato ni da mu da shi, aikatau ne saboda sun ƙare da -i. Ta ce "la" sifa ce, "de" da "ke" da "se" bayanau ne, ta kuma tsaya cak a kan "kaj" da "en" da "nun". Waɗannan ƙananan kalmomi kusan babu jimlar da ba sa ciki, kuma ba su bi dokar wutsiya ba, sai an jera su da hannu an haddace. Yarinyar ta ce, "Yaya, haruffa ke nan. Shi ma bai tsere musu ba." Na gyara mata cewa wakilan suna a nahawunta ismi ne, amma a kan sauran ta faɗi gaskiya.

Cikin makon na ƙara karatu a kan harshen, na dawo musu da wani misali da masu Esferanto suka daɗe suna tattaunawa. "Broso" buroshi ne, "brosi" gogewa da buroshi. "Kombi" taje kai ne, to sai a zaci "kombo" mataji ne. Ba shi ba ne, "kombo" ita ce tazar kanta, mataji sai an ce "kombilo". Dalili kuwa, saiwar farko suna ce tun asali, ta biyu aikatau ce, kuma wutsiya ba ta nuna wannan, sai mai koyo ya riƙe a ka. Zamenhof daga harsunan Turai ya ɗebo saiwoyinsa, suka shigo da ɗabi'unsu na gida. Tun wajen 1910 Rene de Saussure, masanin lissafi kuma ƙanen shahararren masanin harshen nan Ferdinand, ya yi rubutu yana warware wannan al'amari.

Mun leƙa wasu biyu a gurguje. Lojban, wanda aka fara a 1987 a kan tubalin ilimin manɗiƙi, ya kasa kalmominsa uku ne: kalmomin ma'ana, ƙananan kalmomin gini, da sunayen yanka. Yarinyar ta yi murna da jin uku, amma ba ukunta ba ne, domin a can suna da sifa da aikatau duk gida ɗaya suke. Sai Python, harshen da saurayin ke rubuta manhajarsa da shi, mai keɓaɓɓun kalmomi 35 da ba a yarda ka raɗa wa wani abu su ba. Shi da kansa ya tuna cewa "print" tana cikinsu a da, aka fitar da ita a 2008, kuma a 2021 aka shigo da "match", wadda keɓaɓɓiya ce a wani wuri, a wani wurin kuma suna ce kamar kowace. A can masu harshen ne ke zama su sauya wa kalma aji. Hausar Inna ba ta da wanda zai zauna ya yi mata haka.

Abin da na ɗauka daga wannan dare ya fi gano gazawar Esferanto muhimmanci a wurina. Wutsiya tana faɗin aikin da kalma ke yi a jimlar da take ciki, saiwa kuma tana riƙe da asalinta. Tambayoyi biyu ne, mu kuwa mun yi mako uku muna cakuɗa su. "Cikin" asalinta suna, aikinta na harafi. "Cin" asalinta aikatau, shigarta ta suna. Da na faɗi haka yarinyar ta ce ai shi ne i'irabi, a ce kalma ismi ce, sannan a ce a nan mubtada'i ce ko hali ko zarafi.

Fat da ungo

Kalmomi huɗu suka rage, kuma su ne suka fi nuna inda zanen aro bai rufe katara ba.

"Fat" ba ta da gida a cikin 17. Mafi kusa shi ne bayanau, can saurayin ya kai ta. Yarinyar ta kawo hujja mai ƙarfi: harafi shi ne abin da ma'anarsa ba ta bayyana sai a jikin waninsa, "fat" kuwa ba ta da ma'ana sai da "fari", ba ta kuma karɓi alamar suna ko ta aikatau ba. Na jinjina mata, amma ban yarda ba. Haruffa 'yan kaɗan ne, ana iya ƙirga su, aikinsu ɗaure jimla. Amsa-kama kuwa, wato ajin su "fat", ɗaruruwa ne, in ka cire su jimla ba ta rushewa, armashinta ne ke tafiya. Suna da kamanni nasu: da yawansu da baƙi suke ƙarewa, su fat, ƙirin, wur, shar, cak, tsaf, alhali yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, kuma murya tana ɗagawa a kansu. Ta tuno mini da aya ta 69 ta Suratul Baƙara, inda aka siffanta saniyar Bani Isra'ila da "safra'u faƙi'un launuha", ta ce Larabci ma yana ƙarfafa launi. Haka ne, sai dai "faƙi'un" ga tanwini a jikinta, ismi ce cikakkiya. "Fat" ba ta sa rigar kowa ba. Sanya ta a bayanau tare da "jiya" da "sosai" yana ɓatar da abin da ya sa Inna ta zaɓe ta, kuma ina ganin asara ce in na'urar da za ta koyi Hausa ta tashi ba ta san wannan aji ba.

"Ungo" umarni ce, tana ɗaukar abin da aka miƙa, amma ba a cewa "ya ungo" ko "za ta ungo". Muna cikin wannan sai saurayin ya ce, "Kamar hayya ta kiran salla?" Daidai. "Hayya" da "amin" da "sah" suna da ma'anar fi'ili ba su da alamarsa, malaman nahawu suka kira su ismul fi'ili. A nan na nuna wa yarinyar cewa ukun nata ma an sha ja-in-ja a kansu. Mutanen Basra da na Kufa sun saɓa a kan "ni'ima" da "bi'isa", ko fi'ilai ne ko sunaye. An ruwaito cewa Abu Ja'afar bin Sabir ya ware wa irin su "sah" kashi na huɗu, ya kira shi khalifa. A 1973 kuma masanin Masar Tammam Hassan, wanda ya koyar a Jami'ar Khartum daga baya kuma a Ummul Ƙura, ya kasa kalmomin Larabci gida 7. Ta yi shiru, sannan ta ce za ta tambayi malamarta. Mako mai zuwa ta dawo ta ce malamar ta tabbatar.

"Akwai" da "ga" sun gagare mu. Suna ɗaukar wakilin suna kamar aikatau, akwai su, ga shi, amma ba sa bin zagi, ba su da lokaci, kuma korewar "akwai" wata kalma ce daban, "babu".

Ƙorafin uwar yara da abin da muka tsayar

A mako na biyar uwar yaran ta tare ni a bakin ƙofa. Ta ce, "Ka ga ƙananan nan sun daina ɗokin daren Juma'a. Karatu Inna ta ce ka koya musu." Na ce, "Gaskiya ne, Yaya." Musun ya yi wa manyan biyu amfani, ya yi mini, amma yara uku sun yi wata guda suna kallonmu, kuma ɗayansu ya fara mance bambancin ɗ da d. Laifina ne, domin tun mako na biyu ya kamata in raba zaman.

Muka raba shi. Sa'a ta farko ta karatu ce, kuma nahawun ƙananan bai wuce gwaji biyu ba: sa "ya" a gaba ka ji, sa -n a baya ka ji. Suna yin sa kamar wasa, suna rugawa wurin Inna, wadda suke kira Sitti irin na mutanen Makka, ta yanke musu hukunci. Ban sake ba su ma'anar haddacewa ba. Bayan sun kwanta mu uku mu zauna. Kowace kalma gurbi biyu muke cike mata a jadawalin saurayin, ɗaya na tambarin nan 17 don aikinsa ya haɗu da na sauran masu bincike, ɗaya na sunan Hausa, inda zagi da dirka da amsa-kama da sunan aiki ke zaune da sunayensu. Yarinyar ce ke riƙe da littafin alamomi, kuma ba a shigar da alama sai Inna ta amince da misalanta. A bayan littafin akwai shafin kalmomin da ke jiran hukunci. "Akwai" da "babu" da "ga" suna nan, "sai" ta same su daga baya.

Manhajar har yanzu tana tuntuɓe a kan "da", kuma jimlolin da muka raba ba su kai ta koyi abin kirki ba. Shi ya sa muke ci gaba da naɗar Inna. A dare na shida ta ba da labarin shekarar da ambaliya ta shiga Harami, na rubuta jimla ɗaya a allo na ce autar gidan ta karanta. Ta bi ta a hankali da yatsa: ruwa ya cika titi maƙil, muka jiƙe sharkaf. Inna ta ce, "A'a, ƙawata, ba haka ake faɗa ba. Ɗaga muryarki a ƙarshen." Autar ta sake, ta ɗaga, Inna ta ce ana faɗa.